CIWON DA BA YA NUNA JINI: MAI JINYA DA MAI BA DA MAGANI DUK YANA KAMA SU

Mu da aikinmu ya haɗa da ziyarar marasa lafiya mun saba ganin wani irin majinyaci a bencin asibiti. Yau ya zo da ciwon kai, gobe da zafin jiki, jibi ya ce wani abu na yi masa yawo a ƙarƙashin fata. A auna jininsa, ba a ga komai ba. A ba shi maganin zazzaɓi, bayan mako biyu ga shi ya dawo. Daga nan sai 'yan'uwa su fara raɗe-raɗi cewa sammu ne, ko kuwa aljanu. Sau da yawa kuwa, abin da ke damun wannan bawan Allah ciwon damuwa ne ko na fargaba, ciwo ne kamar sauran, kuma yana da magani.

Abin da bincike ya gano

A shekarar 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a cibiyoyi 15 cikin ƙasashe 14, har da Ibadan. An tantance mutane fiye da 25,000 da suka je ganin likita a ƙananan asibitoci. A jimlace, wajen mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da wata matsala ta ƙwaƙwalwa, ko da yake adadin ya bambanta daga gari zuwa gari. Likitocin da suka duba su kuwa, kusan rabin masu matsalar kawai suka gane, domin yawancinsu da kukan ciwon jiki suka zo.

A nan gida, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun tattauna da mutum 4,984 a ƙasar Yarabawa, suka buga sakamako a 2006. Kashi 12 cikin 100 sun taɓa fama da irin wannan ciwo a rayuwarsu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, cikin waɗanda ciwon ya yi wa tsanani, wajen kashi 8 cikin 100 ne kaɗai suka sami magani a shekarar da ta gabaci binciken. To, ina sauran suka nufa? Wasu suna ƙunshe a ɗaki, wasu suna bin titi, wasu kuma suna ɗaure. A 2019 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a wurare da yawa a Nijeriya, har da gidajen addu'a na Kirista. Wannan abin kunya ne, kuma namu ne.

Wanzami ba ya son jarfa

Yanzu mu juya ga wanda ke riƙe da allura. Nas ɗin da ta kwana tsaye a kan yara masu suma, da unguwarzomar da haihuwa ta zo mata da gardama cikin dare ba wuta, da likitan da ya duba mutum ɗari kafin la'asar, su ma mutane ne masu jini da tsoka. A 2020, lokacin annobar korona, masana sun haɗa sakamakon bincike 13 da ya shafi ma'aikatan lafiya sama da 33,000. Wajen kashi 23 cikin 100 na da alamun fargaba, kusan haka kuma na da alamun ciwon damuwa, sa'an nan fiye da kashi ɗaya bisa uku ba sa samun barci. Tun a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa gajiyar zuciya da nauyin aiki ke jawowa matsala ce ta gaske.

Amma ma'aikacin lafiya shi ne na ƙarshe wajen faɗin nasa ciwon, don tsoron kada a ce ya kāsa, ko a daina yarda da hannunsa. Sai ka ga wadda a da take da fara'a ta koma yi wa majinyata tsawa, mu kuma mu ce ta yi girman kai. Ma'aikacin da ya gaji haka ya fi saurin yin kuskure, kuskurensa kuwa a kan ranmu ne.

Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne

Tun a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyaci ke zama a ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti da rana. Ya nuna cewa dangi na cikin magani. A 2020 kuma, wani gwaji da aka yi a Ibadan da Kumasi ta ƙasar Gana ya nuna cewa inda masu maganin gargajiya da masu addu'a suka haɗa hannu da ma'aikatan asibiti, masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma kare mutuncin majinyaci.

Saboda haka, 'yan'uwa, in wani a ikkilisiya ya shafe makonni ba barci, ba cin abinci, ya janye daga mutane, ko ya fara zancen mutuwa ta fi masa, kada mu ce rashin bangaskiya ne. Mu yi addu'a tare da shi, mu kuma raka shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri. Kada fasto ko dattijo ya hana kowa shan maganin da likita ya rubuta, kada kuma a ɗaure kowa da sunan warkarwa.

Nas da malamin asibiti da ke zaune kusa da mu ranar Lahadi kuwa, kafin mu miƙa musu takardar maganinmu a bakin ƙofar majami'a, mu fara tambayarsu yaya gajiya, mu kuma tsaya mu ji amsar. Zumuntar mata da ta maza su sa su cikin jerin waɗanda ake ziyarta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma ƙarfafa masu kula da su, amin.