Hattara da karen da ya yi shiru

Ƴan kasuwar Dogon Dutsi, Matankari, Tibiri da Kore Mairuwa, ku dinga lura da karnukan da ke kewaya rumfunan mahauta da masu tuwo.

Likitocin dabbobi sun ce haukan kare iri biyu ne. Mai faɗa kowa ya san shi, har icce da dutse yake cizo. Mai shirun ne ke yaudarar mutane: muƙamuƙi ya saki, miyau na dalala, ya kasa haɗiya. Sai mai shi ya ce ƙashi ne ya maƙale, ya cusa hannu a bakinsa. To, cutar a miyaun nan take. Kyanwa ma na kamuwa, kada a raina yaƙushinta.

In an ciji yaro, uwa ta wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ta kai shi likita ranar nan, ko da ciniki ya tsaya. Da zarar alamu sun bayyana, magani ya ƙare. Hukumar OMS ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kimanin 59,000 a shekara.

Karen kuma, in na gida ne, a ɗaure shi, ma'aikatan kiwo su duba shi kwana 10 aƙalla. Kwikwiyo tun yana wata 3 ake yi masa allurar rigakafi.