Turancin Yau da Kullum: Jimlar da Ya Kamata a Fara Koya

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirin namu na yau ba na ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ko JAMB ba ne, shi yana da malamansa. Da magidanta muke magana, da iyaye mata. Direban da ke sauke tumatir da albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke sarin yadi a Dubai, uwar da ta kai ɗanta asibiti ta tarar likitan ba ya jin Hausa. Duk wanda buƙata ta haɗa shi da Turancin Ingilishi da girmansa, to ya matso kusa da rediyo.

Da farko a cire kunya, domin rashin Turancin nan yana da tarihi. An buɗe makarantar sakandare ta mishan ta CMS a Legas tun 1859. A Kano kuwa sai 1909 Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, kuma da Hausa aka fara koyarwa a cikinta. Kwalejin Katsina, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, sai a 1922 aka yi bikin buɗe ta. Tazarar shekara hamsin ce tsakanin Legas da Kano tun daga tushe. Kakanninmu suna da karatunsu da rubutunsu na ajami, Turancin ne bai iso su da wuri ba. Amma yau shi ne harshen banki da kotu da takardar magani a Najeriya da Ghana. A Nijar ma, dokar da aka fitar a 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

To nawa ne mutum yake buƙata? Bai kai yadda ake tsoro ba. A 1959 Muryar Amurka ta fara karanta labaran duniya da sassauƙan Turanci, a hankali, da kalmomin da ba su wuce kimanin 1,500 ba, kuma da su aka riƙa ba da labarin yaƙi da siyasa da kimiyya. Mai son ciniki da tambayar hanya da ganin likita bai buƙaci ko rabin wannan ba kafin ya fara biyan buƙatarsa.

Sai dai akwai wurin da nake ganin yawancin masu koyarwa suna kuskure. Kowane ɗan littafin koyon Turanci da ake sayarwa a tasha da gaisuwa yake farawa. Good morning, how are you, I am fine. Gaisuwa tana da kyau, mu ne ma sarakanta. Amma ka lura da abin da ke faruwa: ka yi gaisuwa da Turanci mai kyau, wanda ke gabanka ya ɗauka ka iya, sai ya saki baki kamar ruwan sama. Kai kuma kunya ta hana ka tsayar da shi. Ya yi magana ka ce yes, ya ƙara ka ce yes, ya miƙo takarda ka sa hannu. Wannan yes ɗin ta ci dukiyar mutane, ta kai wasu gaban alƙali, ta sa an sha magani ba bisa ƙa'ida ba. A tarbiyyarmu katse babba ko ma'aikaci rashin ladabi ne, shi ya sa muke gyaɗa kai. A gaban likita ko ma'aikacin banki, gyaɗa kai a kan abin da ba ka gane ba cutar kai ce.

Saboda haka jimlar farko ita ce wannan, ku faɗa tare da ni: I don't understand. Wato ban gane ba. A sake: I don't understand. Sai ƙanwarta: Please say it again, don Allah maimaita. Idan mutumin mai sauri ne, ka ce masa Please speak slowly, ya yi magana a hankali. Babu wanda zai raina ka don ka faɗi haka. Ma'aikacin kirki ma daɗi zai ji, domin shi ma ba ya son a dawo masa da matsala gobe.

(Gajeren kiɗa)

Mu shiga batun kuɗi, inda aka fi yin asara. A kunnen wanda bai saba ba, fifteen da fifty kusan ɗaya suke, alhali ɗaya sha biyar ce, ɗaya hamsin. Haka thirteen da thirty, sha uku da talatin, har zuwa nineteen da ninety. Bambancin yana wurin da ake danna murya: a fifteen ƙarshen kalmar ake ja, a fifty farkonta ake bugawa. A cikin hayaniyar kasuwa, ko a waya da sabis mara kyau, ko waɗanda suka tashi da harshen sukan tambaya, one five ko five zero? Kai ma tambayi haka. Mafi aminci kuma ka ce Please write it down, rubuta mini. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Sin sun daɗe da gane wannan, shi ya sa kalkuleta take yawo tsakanin hannun mai saye da na mai sayarwa. Lamba a rubuce ba ta da karin harshe.

A asibiti kuwa abin ya fi kuɗi nauyi. Once a day sau ɗaya ne a rana, twice a day sau biyu, three times a day sau uku. Before food kafin cin abinci, after food bayan an ci. Uwa, idan aka miƙo miki maganin yaro, kada ki bar bakin tagar nan sai kin maimaita wa mai ba da maganin abin da kika ji, da bakinki, kin nuna da yatsu. Ki tambaya: How many times a day? For how many days? Idan da sauran shakka, ki ce Is there anyone who speaks Hausa? Neman tafinta ba gazawa ba ce, haƙƙin ɗanki ne.

Akwai kuma Turancinmu na gida, wanda ke aiki sarai a Kaduna da Jos amma yakan rikita baƙo. Mukan ce I am coming muna nufin ina zuwa, mu juya mu tafi. Bature zai tsaya yana mamaki, shi a wurinsa I'll be right back ake cewa. Mukan ce wa mai aiki well done a madadin sannu da aiki, Bature kuma yabo yake ji, na wanda ya gama abu da kyau. Wannan ba ya nufin namu lalatacce ne. A Janairun 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya 29, har da okada da danfo da Kannywood. Abin lura kawai shi ne ka san da wa kake magana.

Yaya za a koya? Jimla sukutum, ba kalma ɗaiɗai ba, kuma da ƙarfi, ba a zuci ba. Mu da muka tashi da hadda ba sai an koya mana wannan ba. Ka zaɓi jimloli biyar da sana'arka take buƙata, ka sa ɗanka ko maƙwabci ya karanta maka su a saƙon murya na WhatsApp, ka riƙa saurare kana bi. Nahawu zai zo daga baya. Batun p da f da ake yi mana dariya a kai ma yana da magani: p leɓe biyu ake haɗawa a saki iska, f kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Gwada pan da fan a gaban madubi.

Sai ku 'yan boko, ina da roƙo gare ku. Dariyar da kuke yi idan dattijo ya kwafsa ita ce take rufe bakin mutane, har su gwammace su ce yes su wuce. Idan mahaifiyarka ko maƙwabciyarka ta gwada, ka gyara mata a keɓe, ka sa ta sake faɗa.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga filin jirgi da tashar mota, mu ji abin da jami'in shige da fice yake tambaya da yadda ake amsa masa. Kafin nan a riƙa maimaita huɗun nan: I don't understand. Please say it again. Please speak slowly. Please write it down.

(Kiɗan rufe shiri)