Abin Da Hoton Asibiti Ke Nunawa A Gwiwa Mai Ciwo

'Yan'uwa manoma, a cikin ƙungiyoyinmu da wuya a rasa dattijo ko dattijuwa da ciwon gwiwa ya rage musu aiki. Wasu sukan sayar da akuya su tafi birni a ɗauki hoto, su dawo ba su gane abin da aka gani ba. Bari mu yi bayani, domin kada kuɗi ya tafi a banza.

Guringuntsi

In mun duba kan ƙashin cinyar akuya bayan an dafa, za mu ga wani abu fari mai santsi. Shi ne guringuntsi. Haka ya ke a gwiwarmu, inda ƙashin cinya ya haɗu da na ƙwauri. Kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne kawai. Ba shi da jijiyar jini, saboda haka in ya cinye ba ya komawa yadda ya ke. Wannan cinyewa ita ce ke kawo amosanin gaɓɓai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ke da cutar, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma mata sun fi maza yawa.

Hoton Ƙashi

Wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, shi ne ya gano hasken eksire a 1895. Wannan hoto yana nuna ƙashi, amma ba ya nuna guringuntsi. Abin da likita ke dubawa shi ne ratar da ke tsakanin ƙasusuwan biyu, gama a nan guringuntsi ya ke. In ratar ta matse, ya ragu ke nan. In ƙashi ya taɓa ƙashi, ya ƙare a wurin. A 1957 likitoci biyu a Ingila, Kellgren da Lawrence, suka tsara matakan cutar daga 0 zuwa 4, har yau kuwa ana amfani da su.

Sai mu lura da abu biyu. Na ɗaya, a tsaye ya kamata a ɗauki hoton, nauyin jiki yana kan ƙafa. In mutum yana kwance ratar takan buɗe, cutar ta ɓuya. Na biyu, hoto guda ba ya faɗin saurin cutar. A yawancin mutane abin da ke raguwa a shekara bai kai rabin milimita ba, don haka sai an gwada hoton bana da na shekarun baya. Mu ajiye tsohon hoto a ambulan ɗinsa, nesa da rana da laima, mu riƙa tafiya da shi. Mace mai ciki ta faɗa tukuna kafin a ɗauka.

Hoton MRI

Wannan na'ura tana aiki da maganaɗisu mai ƙarfi. Tana nuna guringuntsin kansa, da ruwan da ya taru, da jijiyoyin gwiwa, tun kafin hoton ƙashi ya nuna kome. Amma tana da tsada, kuma sai a manyan asibitoci. Likita yakan nema in gwiwa tana maƙalewa, ko bayan rauni, ko in yana zaton wata cuta dabam. Mai ƙarfe a jiki dole ya faɗa.

Hoto Ba Shi Ne Ciwo Ba

Akwai mai mummunan hoto da ke noma lafiya lau, akwai mai hoto da dama-dama da ba ya iya tsugunawa. Saboda haka mutum a ke yi wa magani, ba hoto ba. Ga wanda ya wuce shekara 45, ciwon yana tashi da aiki, sau da yawa likita yakan gane cutar ba tare da hoto ba.

Tafiya a hankali kullum da ƙarfafa naman cinya suna rage ciwo. Rage ƙiba ma haka, gama kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku. Mu raba kaya mai nauyi biyu, mu zauna a kujera 'yar tsugunne wajen cira. Mu guji shan ƙwayoyin ciwo na kasuwa kullum, domin suna ɓata ciki da ƙoda.

Amma in gwiwa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, da zazzaɓi, kada a jira ranar kasuwa. A kai mutum asibiti a ranar.