Sayen Gidan da Wa'adinsa Ya Kusa Cika

Tun da aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a Aliero a 2006, ɗakunan haya suka yi daraja a garin, saboda haka duk mai jarin da ya taso daga Jega ko Maiyama, aka yi masa tallar tsohon gida da rahusa, ya wajaba ya fara tambayar abin da ake sayar masa a haƙiƙa, domin fuƙaha'u sun bambanta bai'i, wanda ke mallakar da abu kansa, da ijara, wadda ke mallakar da manfa'a zuwa ajali sananne.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun Gwamna bisa amana, takardar shaidar mallaka kuwa galibi ta shekara 99 ce, kuma ba a sauya mata hannu sai da iznin Gwamna. Wanda ya karɓi gida daga hannun ɗan haya kuwa, ragowar shekarun hayar kaɗai ya saya.

A nan gyara ke zama abin lura, domin idan shekara 10 suka rage, alhali kwano yana yoyo, gara ta ci katakon rufi, bango ya tsage, to duk simintin da aka zuba zai koma ga asalin mai gidan ranar da ajali ya cika, sai fa idan an rubuta sharaɗin sabuntawa ko na diyya a gaban shaidu. A ganina, a kai magini ya ƙiyasta kuɗin aikin, musamman da damina, kafin a yi ciniki.