Kafin Ka Buɗe wa Karenka Buhu

Karen Arewa ba ɗan kwalisa ba ne. Daga Matankari har Tibiri, ko dai yana bin mafarauci daji, ko yana gadin gida da garke, ladarsa kuwa ragowar tuwon gero, ƙanzo, tsaki da ɗan ƙashi ranar yanka. Amma yanzu a kan ga ma'aikaci ko ɗan kasuwa ya sauka Dogon Dutsi daga Yamai da buhun busasshen abincin kare, irin su Royal Canin ko Pedigree, ya juye wa karensa kwano guda. Kwana biyu sai zawo, sai a ce abincin Nasara bai karɓe shi ba.

Laifin na gaggawa ne. Cikin da ya saba da tuwo yana son a bi shi sannu. Likitocin dabbobi suna ba da shawarar kwana 7 zuwa 10: a fara da kashi ɗaya bisa huɗu na sabon a gauraya da wanda ya saba, bayan kwana biyu ko uku a kai rabi, a yi ta ƙarawa. In kashinsa ya tsinke, a koma baya kaɗan.

Ana haɗa wannan abinci ne da garin masara ko shinkafa, garin nama da kitse, a dafa a inji a busar, hanyar da kamfanin Purina ya yaɗa a Amurka a shekarun 1950. Ruwan da ke cikinsa bai cika wuce kashi 10 cikin ɗari ba, alhali tuwo rabinsa da ɗoriya ruwa ne. Kare mai kilo 20 yana bukatar fiye da lita guda a yini, balle a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Wanda ya ba shi busasshen abinci ya bar kaskon ruwa wayam ya zalunce shi.

Ajiya ta fi komai ban tsoro. Zafi yana ɓata kitsen, danshin damina kuma yana kawo fumfuna, wadda ke haifar da gubar aflatoksin mai lalata hanta. Manomin gyaɗa ya san wannan cuta. Ko a Amurka, tsakanin ƙarshen 2020 da farkon 2021, karnuka sama da 100 sun mutu saboda gurɓatacciyar masara a irin wannan abinci. Duba ranar ƙarewarsa, ka sansana, ka ɗora buhun bisa katako a ɗaki mai inuwa, bakinsa a ɗaure. Ni dai ba zan sayi na awo daga buɗaɗɗen buhu ba, komai arharsa.

Shin abincin buhu dole ne? A'a. Tuwo da ɗan nama, kayan ciki ko ƙwai dafaffe yana riƙe kare, muddin an raba shi da miyar da ta sha albasa da tafarnuwa, don suna fasa ƙwayoyin jininsa, da dafaffen ƙashin kaza da ke tsagewa ya soke hanji. Kada kuma siririn ƙugun karnukanmu ya ruɗe ka, halittarsu ce irin ta masu gudu.

Idan kuɗin hannunka bai isa abu biyu ba, bar buhun a kanti, ka kai karen wurin ma'aikatan kiwo a yi masa allurar rigakafin hauka.