Farsil, lansir da na'ana'a: yadda masu garka ke lissafin shuka kafin azumi

Da zarar an gama kai gero rumbu, iska ta fara bushewa, aiki sai ya koma fadama. A kwarin Gulbin Maraɗi, daga Jiratawa zuwa Tibiri, da garakan Miriya a jihar Damagaram, da kuma bakin kogi a Yamai, yanzu ne ake gyaran fangali ana watsa iri. Tumatir da shu da salati da albasa su ke cinye mafi yawan fili. Amma a gefe akwai 'yan fangalai na ganyen ƙamshi, farsil da seleri da lansir da na'ana'a, waɗanda ba su cika ɗaukar ido ba alhali su ke kawo kuɗin cefane kusan kullum, tunda ƙulli-ƙulli ake sayar da su, kuma mafi yawansu suna sake toho bayan yanka.

Lissafin azumin 2026 ya matse. Azumin 2025 ya kama a farkon Maris, na 2026 kuwa wajen 18 ko 19 ga Fabrairu. A watan azumi ne buƙatar na'ana'a take tashi saboda shayi da lemun bisap, haka farsil da seleri saboda miya da farfesun buɗa baki. Farsil yana cin kusan wata uku daga shuka zuwa yankan farko. Ke nan wanda bai watsa nasa ba kafin Nuwamba ta fita, zai iya kai kaya kasuwa bayan cinikin ya yi nisa.

Farsil ɗin ma shi ne mai gardama. Irinsa yakan yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin ya fito, kuma a wannan tsakanin ne sababbin shiga suke yanke ƙauna, su kabce fangalin su zuba wani abu, ko su yi ta kwarara ruwa har irin ya ruɓe. Tsofaffin hannu sukan jiƙa shi ya kwana a ruwa, su tsane shi, su cuɗa da yashi don kada ya taru wuri ɗaya, sannan su rufe da ƙasa 'yar kaɗan, ba ta kai kaurin yatsa ba. Bisa kai a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, wadda ke riƙe danshi, ta kuma hana ruwan buta tono irin. Ranar da tsiro ya leƙo, ranar ake ɗage ta. In aka bari, sai ya yi tsawo siriri ya faɗi.

Wata asarar tun daga shago take farawa. Irin farsil da na seleri ba sa jure ajiya a wuri mai zafi, kuma fakitin da ya yi bazara a kan tebur cikin rana ba abin dogaro ba ne ko da kwanan watan da ke jikinsa bai wuce ba. Gwajin ba shi da tsada: a ƙirga ƙwaya 20, a naɗe a tsumma mai danshi, a ajiye a inuwa ana dubawa. In waɗanda suka tsaga ba su kai rabi ba, gara a nemi wani da a ɓata fangali da ruwa. Sai kuma kalandar da ke bayan wasu fakitocin Turai, mai cewa a shuka a Maris ko Afrilu. Wannan lissafin ƙasarsu ne, lokacin da sanyi ke sakin su. A Maraɗi da Damagaram Afrilu wata ne da zafi ke haura digiri 40, tsiron farsil ba ya kai labari a cikinsa.

Lansir ba ya wahalar da kowa. Kwana biyu ko uku ya tsiro, cikin mako biyu zuwa uku ya isa yin kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Saboda haka ake shuka shi kashi-kashi, ba duka a rana ɗaya ba.

Na'ana'a kuwa ba a cika bin ta iri ba. Reshe ko saiwa ake yankowa daga tsohuwar garka a dasa, kuma a keɓe mata wurinta, don in ta samu ruwa sai ta mamaye maƙwabta. Ɗoɗɗoya ita ce ta saɓa wa sauran: zafi take so, sanyin Disamba da Janairu yana tsayar da ita, don haka gara a jinkirta ta zuwa lokacin da hunturu ya fara sauka.

Abokan gabar tsiro ba su da yawa, amma suna da naci. Tururuwa na kwashe iri kafin ya jiƙa, ƙadangaru da tsuntsaye na tsinke ganyen farko. Tsohon gidan sauro da aka ɗaura bisa 'yan sanduna yana tare biyun ƙarshe. Mafi muni shi ne ɗanyen taki. Kashin dabba da bai ruɓe ba yana ƙona saiwa, in ya haɗu da yawan ruwa kuma, tsiro yakan ruɓe daga gindi ya kwanta cikin dare ɗaya. Wanda bai tanadi ruɓaɓɓen taki tun damina ba, ya fi masa sauƙi ya saya wurin maƙwabci da ya kwaso na garke kai tsaye.