Bidiyon barkwanci a intanet: Yadda katun ɗin wasan karta ya haifar da sabon salo, da iyakar da doka ta gindaya

Keffi, Jihar Nasarawa — A watan Yulin 2006, wani matashi ɗan Birtaniya mai suna Martin Billany ya ɗauki kashin farko na wani shirin katun na ƙasar Japan, ya rage tsawonsa daga kimanin minti 20 zuwa 'yan mintuna kaɗan. Ya share muryoyin asali, ya ɗora tasa muryar da maganganun ban dariya, sannan ya saka shi a YouTube, wanda a lokacin bai daɗe da cika shekara ɗaya ba.

Daga wannan aiki ne aka samu salon da ake kira taƙaitaccen shiri na barkwanci, wanda ya bazu a duniya. Irinsa ne matasa ke yi yau da harshen Hausa a TikTok da Facebook da YouTube, inda ake yanko wani ɓangare na fim ko wasan ƙwallo a ɗora masa sabuwar magana.

A gari irin Keffi, mai ɗimbin ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa, wayar hannu da 'yar data sun ishi matashi ya shiga wannan fage. Sai dai hoton da yake wasa da shi yana da mai shi, kuma akwai doka a kansa. Wannan bayani ya duba asalin salon, da dangantakarsa da al'adar Bahaushe, da abin da dokar Najeriya ta tanada.

Mene ne Yu-Gi-Oh!?

Sunan na nufin "Sarkin Wasanni" a harshen Japananci. Mai zane Kazuki Takahashi ne ya ƙirƙiro labarin, aka riƙa buga shi a wata mujallar mako-mako ta Japan daga 1996 zuwa 2004. Labari ne na wani yaro mai suna Yugi, wanda ya harhaɗa wani tsohon abin wuya daga Masar, sai ruhin wani sarki na zamanin Fir'aunoni ya riƙa bayyana a jikinsa duk lokacin da za a kara a wasa.

Wasan da suke yi na kati ne, amma ya bambanta da kartar da aka sani a nan, wadda sau da yawa ake alaƙantawa da caca. Kowane kati na ɗauke da hoton dodo ko tsafi ko tarko, katin dodo kuma na da lambobin da ke nuna ƙarfinsa. 'Yan wasa biyu ne ke karawa da dabara har makin ɗaya ya ƙare.

Kamfanin Konami ya fara sayar da katunan a 1999. Zuwa 2009, kundin bajinta na Guinness ya amince cewa an sayar da fiye da kati biliyan 22. Shirin katun ɗin, irin wanda ake kira anime, ya gudana a talabijin ɗin Japan daga 2000 zuwa 2004, cikin kashi 224. Takahashi ya rasu a watan Yulin 2022 a tekun Okinawa.

Abin da ya ba masu barkwanci ƙofa

Lokacin da kamfanin 4Kids na Amurka ya mayar da shirin zuwa Turanci daga 2001, ya tace shi domin ya dace da ƙananan yara. An goge bindigogi daga hannun miyagu, sai aka bar su suna nuna mutane da yatsa kawai. Inda labarin asali ya yi maganar mutuwa, sai aka ce an tura mutum wata duniyar duhu.

Ban da wannan, labarin kansa na da abin dariya a cikinsa. Manyan mutane, ciki har da hamshaƙin attajiri mai kamfani, sun ɗauki wasan katin yara da matuƙar muhimmanci, har makomar duniya ta rataya a kan wanda ya ci.

Waɗannan ne Billany, wanda aka fi sani da LittleKuriboh, ya kama. A shirinsa mai suna Yu-Gi-Oh! The Abridged Series, shi ne ke yin muryoyin kusan dukkan jaruman. Ya sa su suna faɗin abin da mai kallo ke rayawa a zuci: me ya sa ba a bin ƙa'idar wasan, ina iyayen yaran nan, yaya za a yi a tsorata da yatsa?

Dariyar ta fi kama wanda ya san shirin na asali. Saboda haka ne masoya shirin suka fi kowa rungumar barkwancin, domin zolaya ce ta wanda ya san abu ciki da bai. Nan da nan wasu suka bi sahu. Mafi shahara a cikinsu su ne ƙungiyar TeamFourStar, waɗanda suka fara yi wa shirin Dragon Ball Z irin wannan aiki a 2008. Wasu daga cikin masu wannan wasa daga baya sun samu aikin ɗora murya a kamfanoni na gaske.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa

Tun kafin zuwan intanet, Bahaushe ya san wannan hikima. 'Yan kama sun shahara da ɗaukar salon da kowa ya sani, kamar karatun malami ko kirarin maroƙi, su riƙe karin muryar yadda yake, amma su cika shi da zancen tuwo da miya da fura. Mai sauraro na dariya ne saboda ya gane abin da ake kwaikwaya. Wasannin tashe na watan azumi ma cike suke da kwaikwayon halayen mutane domin raha da gyara.

A masana'antar Kannywood, marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disambar 2014, ya gina sunansa a kan irin wannan. A fina-finai kamar Ibro Awilo da Ibro Usama, ya ɗauki mutanen da duniya ke magana a kansu ya saka su cikin rigar barkwancin Hausa.

Sai kuma fassarar fina-finan Indiya da ta yi ƙarfi a Kano tun farkon shekarun 2010, inda kamfanin Algaita ya yi fice. Masu fassarar ba su tsaya ga juya magana kalma bayan kalma ba. Sukan raɗa wa fim sabon suna, su sa wa jarumi karin magana da habaici da sarar da matasa ke yayi, har a ji kamar a Fagge aka haife shi. Malaman jami'a irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun yi nazari mai zurfi kan yadda Hausawa ke mayar da fina-finan waje 'yan gida.

Duk da kamannin, akwai bambanci tsakanin ayyukan biyu, kuma a nan ne doka ke shigowa. Mai fassara na ba ka fim ɗin gaba ɗaya da labarinsa, sai dai a wani harshe; wanda ya kalli fassarar ba ya buƙatar na asali. Mai barkwanci kuwa yana ɗaukar wani sashe ne ya juya ma'anarsa, ya fitar da sabon abu da ke sharhi a kan na farkon.

Rikici da masu haƙƙin mallaka

Shahara ba ta hana Billany shan wahala ba. An sha sauke bidiyoyinsa, an kuma rufe shafinsa na YouTube fiye da sau ɗaya saboda ƙorafin keta haƙƙin mallaka. TeamFourStar ma sun fuskanci irin wannan.

Tun 2007 YouTube ke amfani da wata manhaja mai suna Content ID, wadda ke kwatanta duk bidiyon da aka ɗora da hotuna da sautukan da kamfanoni suka yi wa rajista. Idan ta ga kamanni, mai haƙƙin na iya toshe bidiyon, ko ya karɓe kuɗin tallan da ke cikinsa, ko ya bar shi yana bibiyar masu kallo. Manhajar ba ta bambance barkwanci da satar fasaha. Kamannin hoto da sauti kawai take gani. Idan kuma mai haƙƙi ya shigar da ƙorafi a hukumance, akan ba mai shafin gargaɗi, kuma gargaɗi uku cikin kwana 90 na iya kai ga rufe shafin da duk abin da ke cikinsa.

Ƙasashe sun sha bamban a kan lamarin. A Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1994, a shari'ar Campbell da kamfanin Acuff-Rose, cewa kwaikwayon barkwanci na iya zama halastaccen amfani ko da an samu kuɗi da shi. Birtaniya ta shigar da irin wannan sassauci a dokarta a watan Oktoban 2014.

Japan, inda mafi yawan waɗannan shirye-shirye suka fito, ba ta da wani tanadi na musamman da ke kare barkwanci. A watan Nuwamban 2022, wata kotu a Tokyo ta umarci mutum biyu su biya diyyar yen miliyan 500 saboda taƙaita fina-finai zuwa kimanin minti 10 da suke yi suna ɗorawa a YouTube. Waɗannan ba barkwanci suke yi ba, labarin fim ɗin suke bayarwa a gajarce, abin da ya yi kama da bidiyon "taƙaitaccen labarin fim" da ake gani da Hausa a yanzu.

Me dokar Najeriya ta ce?

A watan Maris na 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1988. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, mai hedikwata a Abuja, ita ke kula da aiwatar da ita.

A ƙarƙashin dokar, kwafa da fassara da sauya fasalin aiki da yaɗa shi a intanet duk haƙƙin mai aikin ne, ba a yin su sai da izininsa. Amma sashe na 20 ya keɓe wasu abubuwa da ya kira amfani na adalci, kuma ya ambaci kwaikwayon barkwanci da zambo a cikinsu, tare da suka da bita da bayar da rahoton labarai.

Wannan ba lasisi ba ne na yin abin da aka ga dama. Dokar ta zayyana abubuwa huɗu da za a duba. Na farko, manufar amfanin da yanayinsa: an ƙirƙiro sabon abu ne ko maimaici aka yi? Na biyu, irin aikin da aka ɗauka. Na uku, yawan abin da aka ɗiba idan aka kwatanta da aikin gaba ɗaya. Na huɗu, tasirin hakan a kan kasuwar aikin na asali.

Idan aka auna da wannan sikeli, wanda ya yanko daƙiƙa 40 daga fim ya juya maganar domin zolayar fim ɗin yana da hujjar da zai iya kare kansa da ita. Wanda ya ɗora fim na awa biyu sukutum da fassara, ba tare da izini ba, hujjarsa ba ta da ƙarfi, ko da ya cika shi da raha. Rubuta "ba ni ne mai wannan bidiyo ba" a ƙasan hoto, kamar yadda mutane da yawa ke yi, ba ya sauya komai a gaban doka.

Sabuwar dokar ta kuma ba mai haƙƙi damar aika sanarwa ga kamfanin intanet domin a sauke abin da ya keta haƙƙinsa. Wannan kariya ta shafi furodusan Kannywood da mawaƙin Hausa kamar yadda ta shafi kamfanin Japan ko na Indiya. Matashin da ke ɗora murya a kan fim ɗin wani, shi ma idan ya ƙirƙiri nasa wasan, dokar ce za ta kare shi daga masu kwashe masa aiki.

Iyaka ta biyu: mutuncin mutane

Haƙƙin mallaka ba shi kaɗai ba ne abin lura. Zolayar jarumin katun daban, zolayar mutum mai rai daban. A watan Nuwamban 2022, wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu wasan barkwanci a TikTok hukuncin bulala 20 kowannensu da tara da sharar harabar kotu, bisa samun su da laifin ɓata sunan gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, ciki har da Amnesty International, sun yi tir da hukuncin, suna masu cewa zambo ba laifi ba ne.

Muhawara kan inda 'yancin faɗar albarkacin baki ya tsaya na ci gaba. Abin da ke a fili shi ne, ɗora wa mutum maganar da bai faɗa ba, ta yadda mai kallo zai ɗauka gaskiya ce, na iya jawo ƙarar ɓata suna ko tuhuma a ƙarƙashin dokar laifukan intanet. Haɗarin ya ƙaru yanzu da ake da manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum.

Abin da masu sana'ar ya kamata su riƙe

Ga matashin da ke son shiga wannan fage, a Keffi yake ko Kano ko Maraɗi, hanya mafi aminci ita ce ya ɗauki kaɗan ya ƙara mai yawa daga basirarsa. Ya rubuta maganarsa da kansa, ya guji kiɗa da waƙar da ke cikin fim ɗin domin su manhaja ta fi saurin ganowa, ya ambaci sunan aikin na asali, ya kuma sa barkwancin ya fito fili yadda ba wanda zai ruɗe.

Yana da kyau ya ajiye kwafin ayyukansa a wani wuri, domin shafin da aka yi shekaru ana ginawa na iya ɓacewa a dare ɗaya. Idan kuma aikin ya fara kawo kuɗi sosai, lokaci ya yi da zai nemi izinin masu haƙƙi, ko ya koma ɗaukar hotonsa da rubuta labarinsa, inda babu mai iya sauke masa bidiyo ko karɓe masa kuɗin talla.